Yadda ake gadin matsin cikin kan yaron da ya ji mummunan rauni

Ƙanwata, tunda an turo ki ɗakin kulawa ta musamman, ga abin da nake koya wa duk sabuwar nas. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ƙwaƙwalwa da jini da ruwan ƙwaƙwalwa ne suka cika shi. Idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko babur ya kaɗe shi, ƙwaƙwalwar ta kumbura, ba ta da wurin zuwa. Sai matsi ya hau, jini ya kasa shiga. Yaron da makinsa a ma'aunin Glasgow, wato ma'aunin yadda yake cikin hayyacinsa, ya kai 8 ko ƙasa, shi ake cewa rauninsa mai tsanani ne, kuma shi likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kan sa wa na'urar awo: ko siririyar waya a cikin naman ƙwaƙwalwa, ko bututu a cikin ramin ruwanta. Bututun ya fi amfani don yana awo kuma yana rage ruwa, amma ya fi buƙatar lura.

Da kin karɓi aiki, kafin ki kalli allon da ke nuna lambar matsin, duba sifilin bututun, wato alamar 0 da awon ke farawa daga kanta. Dole ya yi daidai da ɗan tsokar nan da ke bakin ramin kunne. Ni da ma'aunin ruwa irin na magina nake gwadawa, ba na yarda da ido. Wani dare na taɓa ganin lamba ta yi kyau, hankalina kwance, ashe an ɗaga gado lokacin sauya zanen gado ba a gyara sifili ba, ruwa na ta zuba fiye da ƙima. Yaron ya tsira, amma har yau ina jin abin a ƙirjina. Don haka duk sanda za a juya yaro ko a kai shi hoto, rufe bututun, a gama, ki daidaita, sannan ki buɗe. Kada ki manta buɗewar.

Lambar da za ki riƙe ita ce 20 mmHg. Ƙa'idojin kula da yara masu mummunan raunin kai na 2019 sun ce a riƙe matsin ƙasa da haka. Tari ko zuƙe majina kan ɗaga shi na ɗan lokaci ya sauko. Wanda ya zauna sama da 20 har minti 5, kira likita. Ki kuma cire matsin kai daga matsakaicin awon jini: abin da ya rage shi ne ƙarfin da jini ke shiga ƙwaƙwalwa da shi, kuma kada ya gaza 40. Jini ya faɗi, ko da matsin kai bai hau ba, ƙwaƙwalwa na cikin yunwa.

Kafin likita ya iso akwai aikin hannunki. Kan gado a ɗage digiri 30, kai a miƙe tsakiya, abin tallafe wuya bai shaƙe jijiyoyi ba. Duba ko zafi yake ji, ko zazzaɓi ya shigo, ko jijjiga ce a ɓoye, ko bututun numfashi ya toshe. Likita na iya ba da ruwan gishiri mai kashi 3 cikin ɗari, mil 2 zuwa 5 ga kowane kilo, cikin minti 10 zuwa 20. Ki tanade shi kusa.

Asibitocinmu da yawa ba su da wannan na'ura, nan tocila ce makaminki. Kowace awa ɗaga fatar ido ki haska: baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe, bai tsuke da haske ba, ba jira, kira likita. Jini ya hau, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice, to an kusa makara. Jariri kuwa ki shafa maɗigarsa da tafin yatsa, ki ji ko ta kumbura ta yi tauri.

Uwar yaron kuma kada ki kore ta. Nakan ce, "Mama, riƙe hannunsa, yi masa addu'a a hankali, amma kada ki gyara masa matashi." Sai in nuna mata layin sifili a gefen kunnensa, don ta san dalili.