Makonnin farko bayan an sa wa ƙashin ƙugu hular ƙarfe

Wannan aikin ba shi ne canjin ƙugu gaba ɗaya ba. A canjin ƙugu ana yanke kan ƙashin cinya da wuyansa a fitar, a soka dogon ƙarfe cikin ɓargon cinyar. A nan kuwa ana barin kan ƙashin, a fere shi, a kifa masa hular ƙarfe, sannan a dasa ƙoƙon ƙarfe a gurbin da yake juyawa cikin kwankwaso. Ƙarfen gamin kobal ne da kuromiyam. Samfurin da ya fi suna shi ne Birmingham Hip Resurfacing, wanda likita Derek McMinn ya fito da shi a Ingila a 1997, Amurka ta amince da shi a 2006. Galibi maza ake yi wa, masu sauran ƙarfi da ƙashi mai ƙwari, don a mata da masu ƙaramin ƙashi aikin ya fi saurin lalacewa.

Tunda an bar maka wuyan ƙashinka, shi ne abin lallaɓawa. Wajen fiɗar an taɓa jijiyoyin da ke kai masa jini, an fere ƙashin, an buga hula a kansa. Yana buƙatar watanni kafin ƙwarinsa ya dawo. Amma ciwon da ya hana ka barci shekara da shekaru yakan tafi cikin makonni biyu ko uku, sai ka ji garau alhali ƙashin bai gama haɗa kansa ba. Kamar zubin dakin ne, wato rufin kankare: samansa ya bushe har ana takawa, amma magini mai hankali ba ya cire katakon da ya tokare shi sai kwanakinsa sun cika. Karayar wuyan ƙashi ba ta da yawa, mutum ɗaya ko biyu ne cikin ɗari, amma mafi yawanta a watannin farko take faruwa, kuma in ta faru sai an koma an yi canjin ƙugu gaba ɗaya, wato abin da aka guda tun farko.

Wasu kan kafa hujja da Andy Murray, ɗan wasan tanis da aka yi wa aikin a Landan cikin Janairun 2019, ya koma gasa a watan Yuni. Shi yana da likitoci da masu horarwa da ba su da wani aiki sai ƙugunsa. Kada ka auna kanka da shi.

Kafin ka bar asibiti

Za a tsayar da kai ranar aikin ko washegari, a sallame ka bayan 'yan kwanaki. Kada ka fita sai ka ji amsar waɗannan daga bakin likitan da ya yi aikin: ta ina ya shiga, ta baya ko ta gaba ko ta gefe, don dokokin zama da kwanciya sun danganta da haka, nauyi nawa za ka ɗora wa ƙafar, kwana nawa za ka yi kan maganin tsinka jini, yaushe za a cire ɗinki. Karɓi takardar bayanin aikin, da sunan ƙarfen da girmansa, da hoton ƙashin da aka ɗauka bayan aiki. Wanda aka yi wa a Indiya ko Masar ko Turai ya fi kowa buƙatar takardun nan, don likitan da zai gan shi a Dala ko wani asibitin ƙashi na gida da su zai yi aiki. Kada kuma a sayi tikitin dawowa sai likita ya faɗi rana. Zaman awa shida ko takwas a kujerar jirgi jim kaɗan bayan aikin ƙugu hanya ce ta kamuwa da gudan jini.

Dokoki uku, da abin da suke nufi a gida

In ta baya aka shiga, wanda shi aka fi yi a wannan aikin, akasarin likitoci suna sa dokoki uku na mako shida. Kada ƙugu ya lanƙwashe ya wuce digiri 90, ma'ana in kana zaune gwiwarka kada ta fi ƙugunka tudu, kuma kada ka sunkuya ka taɓa ƙasa. Kada ka harɗe ƙafa. Kada ka murɗa ƙafar ciki, yatsu suna kallon ɗaya ƙafar. Hular tana da girma, don haka gocewa ba ta da yawa kamar a canjin ƙugu, amma naman da jijiyoyin da aka yanka aka ɗinke a bayan gaɓar suna buƙatar wannan lokacin su kama.

A takarda abin da sauƙi. A gidan da ake zama a tabarma, a ci abinci a ƙasa, a tsuguna a bayi, kusan duk motsin yini ya saɓa wa dokar farko. Saboda haka a gyara gidan tun kafin ka dawo.

Masai na tsugunno ya haramta gare ka. In akwai na zama, a ɗora masa abin ƙara tudu na santimita 10 da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti. In babu, a samo kujerar bayan gida mai hannuwa, ko kafinta ya huda kujerar katako mai ƙarfi a ɗora ta bisa ramin. Buta ta zauna kan wani abu mai tudu inda hannu zai kai ba tare da sunkuyo ba. Haka bokitin wanka. Katifar ƙasa ba ta yi ba, sai gado wanda in ka tsaya a gefensa samansa ya kai gwiwarka ko ya ɗan ɗara. Kujerun falo masu laushi da mutum ke nutsewa ciki su ma a bar wa baƙi. Kujera mai tauri mai hannu biyu kake so. A naɗe ƙananan dardumai, a kawar da wayoyin caji da takalman da ake zubarwa a bakin ƙofa, a ajiye tocila kusa da matashi saboda ɗaukewar wuta. Tafiya kawai tana ɗora wa ƙugu ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, tuntuɓe kuwa yana iya kai shi ninki takwas.

Salla a kujera za ka yi, da ishara: ka ɗan rusuna a ruku'u, ka ƙara kaɗan a sujada, ba tare da ƙirji ya nufi cinya ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba mara lafiya damar yin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sujada a ƙasa da zaman tahiya suna haɗa lanƙwasa da murɗawa a lokaci guda, don haka su ne na ƙarshen dawowa, kuma sai likita ya ce to. A alwala, wani ya wanke maka ƙafar, kada ka ɗago ta kan gwiwa ko ka sunkuya gare ta. Durƙusa wa manya ma a ɗage shi, za su fahimta.

Kwanciya rigingine, da matashi tsakanin ƙafafu. Wando kuma ƙafar da aka yi wa aiki ce ke fara shiga, ita ce ta ƙarshen fita. Takalmi mai rufe dunduniya wanda ba sai an ɗaure ba. Silifas yana zamewa a kan tayil mai ruwa. Kusantar iyali galibi bayan mako huɗu zuwa shida, kana kwance rigingine.

Sanduna

Da sanduna biyu: su fara gaba, ƙafar aiki ta bi, lafiyayyar ta zo daga baya. Nauyi a tafin hannu yake, ba a hammata ba, don dannar hammata tana kashe jijiyar hannu. In za ka juya, yi ƙananan taku ka zagaya, kada ka kafe ƙafar ka murɗa jiki a kanta. Hawa bene, lafiyayyar ƙafa ce gaba, sai ta aiki da sanduna. Saukowa, sanduna da ƙafar aiki ne gaba.

Yawancin likitoci suna so a riƙe sanduna mako huɗu zuwa shida ko da mutum yana jin zai iya ba su. Idan aka koma sanda ɗaya, a hannun da ke kishiyar ƙugun aiki ake riƙe ta: aikin dama, sanda a hagu. Ma'aunin ajiye ta shi ne ka iya tafiya ba ɗingishi. Wanda ya yar da sanda yana tangaɗi yana koya wa jikinsa gurguwar tafiya, kuma gyara ta ya fi wuya.

Shiga mota: a tura kujerar gaba baya iyakarta, a ɗan kwantar da ita, ka juya wa ƙofar baya ka zauna, sannan ka shigo da ƙafafu biyu tare. Leda a kan kujerar tana sa juyawa ta yi sauƙi. Tuƙi sai wajen mako shida, lokacin da za ka iya taka birki da ƙarfi ba shakka kuma ka daina shan maganin ciwo mai sa maye. Babur, ko tuƙawa ko goyo, ka manta da shi na watanni. A Daidaita Sahu ma kujerarsa ta yi ƙasa, ga jijjiga.

Motsa jiki

A kwance, sau uku a rana, kowanne sau goma: danna bayan gwiwa kan katifa ka ƙirga biyar, matse mazaunai ka ƙirga biyar, jawo dunduniya a hankali zuwa jiki ka mayar, zame ƙafar gefe ka dawo da ita tsakiya, yatsu suna kallon sama. Motsa idon sawu sama da ƙasa kuwa kowace awa in dai idonka biyu. Ɗaga ƙafa a miƙe sama kana kwance, likitoci da yawa suna hana shi a farko saboda nauyin da yake ɗora wa wuyan ƙashin. Tafiya gajera sau da yawa, minti biyar zuwa goma, ta fi doguwa sau ɗaya. In washegari kumburi da ciwo sun ƙaru, ka zarce. Rage, kada ka daina. Ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti ne zai ƙara maka mataki. Mai ɗori da mai tausa kada su kusanci wannan ƙugun, komai ƙwarewarsu a kan karaya. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ita da buhu da ɗaukar yaro a kafaɗa duk su jira.

Jini, ciwo da miki

Maganin tsinka jini ana ba da shi kwana 28 zuwa 35 ga mafi yawan mutane, ko allurar ciki irin enoxaparin ko ƙwaya irin rivaroxaban, wani lokaci a ƙarasa da asfirin. Allurar a fatar ciki ake yi, nesa da cibiya kamar santimita 5, yau dama gobe hagu, kuma ba a murza wurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa a mako na biyu don an ji sauƙi, ko don kuɗin ya yi yawa. In kuɗi ne, gaya wa likita ya sauya maka, kada ka yanke da kanka. Sha ruwa sosai, musamman lokacin zafi. In aikin ya faɗo kusa da azumi, yi magana da likita; mara lafiya yana da rangwamen ramawa.

Farasitamol giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini. Tiramadol da kodin suna ɗaure ciki, sai a haɗa da ganye, gwanda da ruwa, a kuma janye su da zarar an iya. Kada ka ƙara ibuprofen ko diclofenac daga kemis a kan maganin tsinka jini sai da izini, don haɗin yana jawo zubar jini a ciki. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul a kan ƙugun, minti 15 zuwa 20. Taba tana hana ƙashi da miki warkewa, mai ciwon suga kuma ya tsare awonsa.

Miki ya zauna a bushe, a rufe. Ana cire ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kada a shafa man zafi, man kaɗanya ko zuma. Kumburin cinya da baƙin jini da ke gangarowa a ƙarƙashin fata har idon sawu ba abin tsoro ba ne, haka rashin jin taɓi a fatar gefen tabon, haka ɗan ƙas-ƙas ko ƙara mara ciwo daga gaɓar a watannin farko.

Zazzaɓi fa? A nan ake yawan yin asara. Jiki ya yi zafi, a ce maleriya ce, a sayi magani a sha kwana uku, alhali ƙwayar cuta ce ke cin gindin ƙarfen. In ma'auni ya nuna digiri 38, a gwada jini, a kuma buɗe mikin likita ya gani. Cutar da aka gano a makonnin farko ana iya wanke ta a bar ƙarfen. Wadda ta daɗe sai an cire shi. Kada kuma a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗauki samfur, yana ɓatar da sawun cutar.

Abubuwan da ba a kwana da su

Sabon ciwo mai tsanani a matsematsi, ko ka kasa taka ƙafar da jiya kake takawa, ko ta gajarce ta juya: daina takawa nan take, a kai ka a ɗauki hoto. Wani lokaci karayar tana fara sanarwa da ciwon matsematsi da ke ƙaruwa kullum in an taka, don haka ko shi kaɗai ne, koma kan sanduna biyu ka kira likita. Sharaɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi, alamar gudan jini ce. Numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, gudan ya kai huhu ke nan, sai sashen gaggawa. Miki yana tsiyayar ruwa bayan mako guda, ko mugunya, ko ja yana faɗaɗa. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko haɓo da ya ƙi tsayawa. Tafin ƙafa ya saki, ba ya ɗagowa.

Bayan mako shida

Za a ɗauki sabon hoto, in komai daidai a sassauta dokokin. Daga nan sai doguwar tafiya, keken motsa jiki na tsaye da iyo. Mai aikin ofis yakan koma a wannan tsakanin, mai aikin ƙarfi kamar noma ko dako sai wata uku ko fiye. Gudu, tsalle da ƙwallo sai bayan wata shida zuwa shekara, gwargwadon abin da likitanka ya gani a hoto.

Ƙarfe yana gugar ƙarfe, don haka ɓurɓushin kobal da kuromiyam yana shiga jini, ƙoda ce ke fitar da shi. Shi ya sa ake bibiyar masu wannan hular shekara da shekaru, da hoto, wani lokaci da awon ƙarafan a jini. Duk likitan da zai rubuta maka magani nan gaba, musamman in ƙoda ta sami matsala, gaya masa irin ƙarfen da ke jikinka, ka nuna masa takardar. Ciwon matsematsi ko kumburi da ya ɓullo bayan an daɗe da warkewa, a koma asibitin ƙashi a duba.