Yadda Za Ki Nemi Taimako da Waraka Bayan Fyaɗe

Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa fyaɗe, abin da suke fara yi shi ne su ja bokitin ruwa su shige banɗaki, su yi ta dirzar jikinsu har fata ta fara zafi. Daga nan sai shiru. In labari ya kai kunnen manya, kalmar farko ita ce "a rufa asiri". A cikin wannan shirun ne kwana uku mafi muhimmanci suke wucewa. Da ke nake magana 'yar'uwa, domin mata abin ya fi shafa. Amma ɗan'uwa, in kai ne ko ɗanka, duk abin da zan faɗa naka ne, ban da zancen ciki.

Da farko, ki bar wurin, ki sami mutum ɗaya

Ki je inda hannun wanda ya yi miki fyaɗen ba zai kai gare ki ba. In a gida ɗaya kuke, kamar yadda yake yawan kasancewa, ki tafi gidan gwaggo, yaya ko aminiya. Ba sai kin faɗa wa dangi duka ba. Mutum ɗaya mai riƙon amana, wanda zai raka ki asibiti, ya isa.

Na biyu, asibiti kafin awa 72

Nan ne nake roƙon ki kada ki yi nauyin jiki. Akwai maganin da ake kira PEP, mai hana ƙwayar cutar HIV zama a jiki, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gara a ranar farko. Za a gwada jininki tukuna, sannan ki sha kullum har kwana 28. Yakan sa tashin zuciya da kasala. Ki daure, in ya yi tsanani ki koma wurin likita, kada ki ajiye shi da kanki.

Akwai kuma maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda ake iya sha har zuwa kwana biyar, amma ƙarfinsa yana raguwa kullum. Ba zubar da ciki yake yi ba, fitar ƙwai yake jinkirtawa. Za a ba ki maganin ciwon sanyi da sauran cututtukan saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta, a kuma duba raunuka. Kada ki tsaya kemis, shi mai kemis ba zai rubuta miki rahoton likita ba.

An buɗe cibiyoyi musamman domin wannan, kuma kyauta suke aiki: cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. In babu irinsu kusa da ke, babban asibitin gwamnati ya wadatar. Kina iya cewa mace kike so ta duba ki, kina iya cewa a dakata in kin ji ba za ki iya ba. Ko da kwana ukun sun wuce, ko wata ne, ki je. Akwai sauran abin da za a yi miki.

Na uku, ki adana shaida

In da hali, kada ki yi wanka kafin a duba ki. Na san nauyin wannan magana, kuma in kin riga kin yi, ba ki yi laifi ba. Kayan da ke jikinki, har ɗan kamfai, kada a wanke su. A naɗe su cikin takarda ko ambulan, ba leda ba, domin leda tana tara gumi ta lalata shaidar. Kada ki goge saƙonninsa a waya. Ki rubuta rana da lokaci da wuri tun abin yana sabo, ki karɓi rahoton likita ki ɓoye. Ko yau ba ki da niyyar ƙara, zuciya tana iya sauyawa nan gaba.

Na huɗu, zancen hukuma

Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka karɓa, ta tanadi hukunci har zuwa ɗaurin rai da rai, ta yarda ana yi wa namiji fyaɗe, ta kuma ba kotu ikon sa a biya diyya. Kada ki je caji ofis ke kaɗai. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna tsaya wa mutum ba tare da kuɗi ba.

Za a zo da maganar sasanci. Za a shimfiɗa tabarma a zaure, dattawa su zauna, a ajiye 'yan kuɗi, a ce "mai haƙuri yakan dafa dutse". Babba ita ke da ikon zaɓar abin da za ta iya ɗauka, ba na ganin laifin wadda ta ce ba za ta iya zaryar kotu ba. Amma in yarinya ce ko yaro, sasanci cin amana ne, domin wanda aka rufa wa asiri yakan koma kan wani yaron.

Na biyar, jinyar zuciya, wadda ta fi daɗewa

Rashin barci, firgita in an taɓa ƙofa, ƙyamar jikinki, mafarkin abin, fushi, ko ma rashin jin komai, duk an san su. Da yawa suna cin kansu da tambayar "me ya sa ban yi ihu ba?" Jiki yakan sandare in tsoro ya kai maƙura, ba yarda ba ce. A addini ma, malamai sun haɗu a kan cewa babu zunubi a kan wadda aka tilasta wa.

In abin ya taso miki cikin dare, ki tashi zaune, ki dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja. Ki ambaci abu biyar da idonki yake gani: fitila, labule, buta. Wannan yana dawo da hankali cikin ɗakin. Addu'a da zikiri suna sanyaya rai, ki haɗa su da ganin masu ba da shawara a cibiyoyin nan. In an wuce wata guda abin bai lafa ba, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa tunanin kashe kanki ya zo, a ranar za ki faɗa wa wani, kada ki kwana ke kaɗai.

Ke kuma uwa, ko yaya, da aka zaɓa aka faɗa wa: kada ki tambaye ta me ya kai ta, ko me ta sa. Ki ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne," ki ɗauko mayafinki ku tafi asibiti. Ki riƙa tuna mata shan magani, bayan wata uku kuma ki sake raka ta gwajin jini.