Yadda Ake Yanke Kuɗin Gina Shafin Intanet

1. Kafin ka ambaci farashi, rubuta abin da mai aikin yake so: shafuka nawa, wa zai kawo hotuna, ko za a haɗa biya ta Paystack, wato hanyar karɓar kuɗi ta intanet.

2. Ƙiyasta awannin aikin, ka ninka da kuɗin awarka. Awa 20 a naira 5,000 sun zama 100,000. Ƙara kuɗin data da man janareta.

3. Ware kuɗin adireshin shafin da na ma'ajiyarsa (wurin da ake haya don ajiye shafin a intanet) daban, domin duk shekara ake sabunta su, wasu ma da dala. In ka cusa su cikin jimla, baɗi daga aljihunka za su fita.

4. Karɓi rabi kafin ka fara. Gyara biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. A rubuta hakan ko a WhatsApp ne.