Kurakuran da sababbin 'yan safiyo ke maimaitawa a taswirar lambatun bakin titi

Na daɗe ina duba taswirorin lambatu da matasa ke kawowa kafin a miƙa wa hukumar kula da hanyoyi, kuma abin da na gyara bara shi nake gyarawa bana, har na gaji da jan biro.

Mafi muni shi ne yanke hukunci da ido kan inda ruwa ke nufa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Haɗejiya, lambatu kan gangara da rabin mita kacal a tsawon mita 100, wanda ido ba ya kamawa, tsayin da GPS na waya ke nunawa kuwa yakan kauce da mitoci da dama. Ni kaina na faɗa wannan ramin a wani watan Maris, lambatu ya bushe ƙayau, na sa kibiya tana kallon gabas, aka gina kwalbati bisa zanena. Da ruwan Agusta ya sauko sai ya nufi yamma, ya kwanta a ƙofar shagunan mutane har gwiwa, ina tsaye ana kwashe buhunan shinkafa da suka jiƙe. An fasa kwalbatin, kuma sunana ne a ƙasan takardar. Tun daga ranar ba na sa kibiya sai na kafa na'urar auna tsayi na ɗauki gindin lambatu a kowace mita 25, sannan na tambayi mai faci ko mai shayin wurin inda ruwa ke taruwa da damina. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne, to, bai taɓa tsayawa gaban injiniya yana kame-kame ba.

Na biyu shi ne cakuɗa ma'auni, wato tushen da ake lissafa matsayin wuri a taswira da shi. Tsofaffin taswirorin Najeriya bisa ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuma da ma'aunin duniya na WGS 84 yake aiki, don haka idan aka ɗora wannan kan wancan ba tare da juyawa ba, lambatu yakan goce fiye da mita 50, a same shi a tsakar gidan wani. Haka kuma a tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Sakkwato tana shiyya ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33, amma sai yaro ya bar shiyyar da ya tarar a manhajar zana taswira ta QGIS ya kama zane. Ni a sunan fayil ɗin nake rubuta ma'auni da shiyya.

Kada a auna zurfi a kan yashi da leda. A soka rodi har ya taɓa kankare. Inda 'yan kasuwa suka rufe lambatu da silab, yana nan a ƙarƙashi, ba a katse layinsa. Kowane hoto ya ɗauki lambar kilomitar titin. Kuma taswirar da ba ta nuna mafitar ruwa ba, mayar wa mai ita nake yi ya koma ya bi lambatun da ƙafa, ko da zai kai shi rafin Jakara.