Ka ajiye kaki, to sai me? Yadda tsohon soja zai shiga aikin gayya a unguwa

Washegarin ranar da na dawo gida gaba ɗaya, ƙarfe huɗu da rabi ido ya buɗe kamar kullum, na yi sallah na dawo na zauna bakin gado har na fara laluben takalmi, sai na tuna ai babu fareti, babu samanjan da zai ƙirga mu, babu wanda zai tambaya ina wane. Wata uku na yi a haka, daga ɗaki sai tabarmar ƙofar gida sai rediyo, har uwargida ta gaji ta ce Malam dan Allah ka fita ka sha iska, ka ishe mu da duba tukwane kamar muna bariki. To wannan rubutun na 'yan uwana mazan jiya ne, da ƙannenmu da har yanzu ke cikin kaki suna ƙirga shekara 35 ɗinsu.

Kowa maganar fansho da giratuti yake yi, kuma gaskiya ne suna da muhimmanci, amma akwai abin da ritaya ke ƙwace maka wanda ba a rubuta shi a takardar sallama ba. Dalilin tashi da asuba ya tafi, mutanen da kuke cin abinci a kwano ɗaya sun watse wani yana Gombe wani yana Ogoja, sannan jin nan na cewa ana buƙatarka shi ma ya tafi. Kwas ɗin wata shida da ake yi a cibiyar Oshodi ta Legas kafin ritaya yana koya maka sana'a, kiwon kaji ne, walda ne, ɗinki ne, amma ba ya koya maka yadda zaka zauna da farar hula. Ni dai abin da ya dawo min da waɗannan abubuwan aikin unguwa ne na sa kai, wanda ba a biyan ko sisi.

Kafin ka je ko'ina, zauna da biro da takarda ka rubuta abin da ka iya, banda harbi. Zaka sha mamaki. Wanda ya yi aikin likitanci a bataliya ya iya tsaida jini da ɗaure karaya da ɗaukar mai rauni ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Injiniya ya san yadda ruwa ke bin ƙasa da yadda ake jera buhunan yashi su tare ambaliya, direba ya san mota, ɗan sigina ya san waya da sola da batir, wanda ya riƙe sito ya san lissafin kaya shiga da fita, kuma wannan na ƙarshen wallahi shi ya fi ƙaranci a ƙungiyoyinmu na unguwa, a tara buhun shinkafa hamsin na marayu a rasa wanda zai ce ga inda suka shiga. Ko ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan, ka iya zuwa a kan lokaci kuma ka iya jera mutum talatin su yi aiki ɗaya ba hayaniya, wannan kaɗai jari ne.

Daga nan sai gaisuwa. Kar ka tashi kawai ka tara yara ka ce zaku gyara unguwa, ka fara zuwa wajen mai unguwa, ka cire takalmi ka ce ranka ya daɗe na dawo gida, in akwai inda zan yi amfani ga ni. Ka je wajen liman ko fasto, ka leƙa shugaban matasa, in akwai ƙungiyar ci gaban unguwa ka biya kuɗin rajista kamar kowa ka zauna a baya. Wata guda cur ka yi kana saurare. Shekara talatin baka gari, baka san wa ke gaba da wa ba, baka san dalilin da ya sa rijiyar burtsatsen bayan makaranta ta shekara biyu a lalace ba alhali kuɗin gyaranta bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ba kuɗi bane matsalar, rigimar gida biyu ce.

Ƙofofin shiga suna da yawa. Mafi kusa ita ce 'yan agaji, na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, na Fityanu, na Izala, duk suna da inifom da fareti da muƙamai, tsohon soja na shiga zai ji kamar ya dawo gida, kuma ba abin mamaki bane tunda shi kansa Sheikh Isma'ila Idris da ya kafa Izala a Jos a 1978 limamin soja ne kafin nan. Su ne a filin idi, su ne a wajen jana'iza, su ne a sansanin alhazai, kuma yawancinsu yara ne masu zuciya amma ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake raba cunkoso ko abin da ake yi wa wanda ya sume. 'Yan uwa Kirista kuma akwai Boys' Brigade a coci. Akwai Red Cross mai reshe a kowace jiha, in ka yi kwas ɗinsu na taimakon gaggawa zaka samu satifiket, ka yi shi ko da kana ganin ka iya, don abubuwa sun canza daga yadda aka koya mana a Defo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji. Hukumar kiyaye haɗurra ta Road Safety tana da 'yan sa kai da ake kira Special Marshal, ya dace da tsoffin direbobi. Sai ƙungiyarmu ta tsoffin sojoji, Nigerian Legion, wadda take nan tun 1964, da yawanmu ba ma tunawa da ita sai 15 ga Janairu ranar tunawa da mazan jiya, a sa baji a ajiye fure a saki tantabaru kowa ya watse, alhali ofishinta na ƙaramar hukuma wuri ne da zaka samu mutum biyar irinka ku haɗa wani abu.

A Amurka ma haka aka yi, girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 ce ta sa wasu tsoffin soja biyu suka tara 'yan mutane ƙalilan suka tafi agaji, daga nan aka samu ƙungiyar Team Rubicon da yanzu ke zuwa duk inda guguwa ko ambaliya ta yi ɓarna. Mu nan kowa ya ga Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, sojoji da manyan motoci da kwale-kwale suna kwashe mutane, amma kafin su iso kowane lungu matasan unguwa ne ke ciro tsofaffi da yara, ka ƙaddara a ce kowace unguwa akwai tsohon soja ɗaya da ya taɓa zama da yaran nan ya nuna musu yadda ake ɗaura igiya a tsallaka ruwa.

Ka zaɓi abu ɗaya, ƙarami, mai rana tsayayya. Ni da kwata na fara. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, shebur huɗu, baro biyu na aro, manjagara, safar hannu da na saya da kuɗina. Kafin ranar na bi layin da ƙafa na ga inda ruwan ke tsayawa, ashe wani kwalbati ne leda da robar lemo suka toshe shi, kuma in zaka yashe kwata daga ƙasa ake farawa inda ruwan zai fita, ka bi ta zuwa sama, in ka fara daga sama duk ƙazantar kan na ƙasa zata taru. Abin da aka kwaso kuma kar a bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai maida shi, a nemi mai kura ko a yi magana da masu kwasar shara tun kafin ranar.

Anan ne na yi kuskuren da nake so ka kauce masa. Na ce ƙarfe bakwai, bakwai saura kwata ina wajen, yara basu fara zuwa ba sai takwas da rabi suna tafe suna danna waya. Jini ya hau, na daka musu tsawa irin ta filin fareti, har na ce wa wani ya yi tsallen kwaɗo. Ya kalle ni ya ce Baba Soja ai mu taimako muka zo, ya ajiye shebur ya tafi, wata na gaba mutum uku na gani. Sai da na bi yaron har shagon da yake gyaran waya na ba shi haƙuri a gaban abokansa, abin da ban taɓa yi wa ƙaramin soja ba tsawon aikina. A bariki igiyar da ke hannunka ce ke magana, a unguwa ba wanda ya sa hannu a takardar cewa zai bi umarninka, in ka ce bakwai ka zo bakwai ka fara aikin kai kaɗai, kunyar ganin mai furfura cikin kwata ita zata fito da su fiye da tsawa. Kuma ka daina cewa bloody civilian ko da wasa, suna ji.

Maganar banga kuwa, ita za a fara kawo maka, da an ji tsohon soja ne sai a ce yauwa ga kwamandan 'yan sintiri. Ka yi taka-tsantsan sosai. In zaka taimaka, ka taimaka ta wajen tsari, wa ke tsaron wane dare, rajistar suna, usur da tocila, lambar DPO a wayar kowa, da dokar cewa duk wanda aka kama hannun 'yan sanda za a kai shi ba tare da an taɓa lafiyarsa ba. Kar ka koya wa yaran mutane sarrafa makami, kar ka ajiye bindigar da ba lasisi, kar ka ciro tsohon kakinka ka sa. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, inda 'yan sintiri suka tare mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida aka kashe su, ya isa ya nuna inda sintiri marar linzami ke kaiwa. In ka ga ƙungiyar ta fi son duka da tsaro, zare jikinka.

Ku kuma da ke cikin aiki, ƙa'idarku daban. Soja ba ya shiga ƙungiya haka kawai, ka nemi izini ta hannun na gaba da kai, a rubuce in da hali, kuma in aikin na wajen bariki ne ka je da kayan gida. Cikin barikin ma aiki na nan jibge, yaran makarantar bariki da ke buƙatar lesin ɗin lissafi, ƙungiyar ƙwallo, iyalan waɗanda ke bakin daga da matar zata kwana da yaro ba lafiya ba mai kai ta asibiti, ka tambayi magajiya, shugabar matan bariki, zata faɗa maka gidan da ake cikin matsi. Ba da jini ma sa kai ne, lafiyayyen namiji na iya bayarwa duk bayan wata uku. In ka samu fas, wato izinin hutu, ka je gida kuwa, ko yini ɗaya ka ba wa aikin gayya, don ranar da zaka dawo gaba ɗaya kar ka dawo baƙo.

Abu biyu ke kashe irin wannan aikin, kuɗi da siyasa. Kar ka riƙe kuɗin ƙungiya kai kaɗai, a buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, duk abin da aka saya a karanta rasit a gaban taro. Kuma kar fanshonka ya zama asusun unguwa, ka ware abin da zaka iya a wata, in ya ƙare ya ƙare. Lokacin zaɓe kuma za a zo da riguna da shebur sababbi masu hoton wani, in kun karɓa rabin unguwa sun daina zuwa.

Akwai wanda zai karanta wannan ya ce ni ko cikin mutane bana son shiga. Na sani. Wanda ya yi Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ko ya yi shekaru a Sambisa da bakin tafkin Chadi, akwai abin da ya gani da ba ya faɗuwa, barci sai a hankali, ƙarar knockout ɗin yara lokacin biki sai gaba ya faɗi, fushi na zuwa ba dalili. Aikin gayya na taimakawa, jiki ya gaji barci ya zo, ka samu waɗanda zaku yi dariya tare, hawan jini da sugan da zaman tabarma ke kawowa su ma su ɗan ja baya, amma ba zai maye gurbin likita ba. In mafarkin ya ƙi tsayawa, ko ka ga ka fara neman kwaya ko kwalba don ka runtsa, ka je asibiti ka faɗa musu gaskiya, ba ragwanta bane. Kuma irinka kar ya fara da wajen haɗarin mota ko jini, ka fara da dashen itace, ko koyar da yara ƙwallo, ko gyaran makabarta kafin damina.

Aikin da ya fi kwanta min a rai yanzu shi ne na matan abokan aikinmu da suka rasu. Da yawansu haƙƙinsu na maƙale saboda takarda ɗaya, sunan magaji bai dace da na banki ba, ko takardar shaidar rasuwa ta ɓata, ko ba su san ofishin da za su dosa ba, kai kuwa ka san yaren, ka san lambar soja da sunan yunit su ne mabuɗin kowane fayil. Ka ce ta kawo duk takardun da ke cikin akwatinsa, ku zauna a zaure da ɗanta ko ƙaninta a wajen, kar ku keɓe, ku yi hoton kowace takarda kwafi uku, na asali ya zauna a hannunta kar ta ba kowa ko da kai ne. Ka rubuta mata jerin abin da ya rage a samo da Hausa, in ranar zuwa ofis ta zo ka raka su, kuma kar ka karɓi ko kuɗin mota. Ranar Laraba mai zuwa ma akwai wadda zan raka, mijinta kofur ne da muka yi zaman barikin Jaji tare, saura takardar banki kawai.