Darasi: Furotin ɗin nono da kariya daga sida

Idan mai yin cuku ta tsame daskararren nono, akwai ruwa tsararo da yake saura a ƙwarya. A cikin ruwan nan akwai wani furotin mai suna beta-laktogulobulin. Litar madarar saniya ɗaya tana ɗauke da kamar giram 3 nasa. Babu shi a nonon mace.

A shekarar 1996 masu bincike na Cibiyar Jini ta birnin New York a Amurka, ƙarƙashin Robert Neurath, suka bayyana abin da suka yi da shi. Sun tace furotin ɗin, suka haɗa shi da wani sinadari da ake taƙaita sunansa 3HP. Sinadarin yana manne wa furotin a wurare da yawa, ya sauya masa cajin lantarkinsa. Ƙwayar cutar sida tana shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ta wata ƙofa mai suna CD4. Furotin da aka sauya yana kama ƙofar nan ya tare ta. Burinsu shi ne a yi man shafawa mai araha wanda mace za ta sa a farji kafin saduwa, ko da miji ya ƙi kwaroron roba.

Wannan nasara a ɗakin gwaji aka same ta. Har yau ba a amince da wani man furotin ɗin nono a matsayin kariya daga sida ba.

Ku lura da kyau, nonon da ba a sauya ba ba ya wannan aiki. Kindirmo ko madarar da kika sayo a kasuwar Dole abinci ne, kada ki sa su a gabanki. Man shanu kuwa ɓarna yake yi: shi da man gyaɗa da basilin suna cin robar kwaroro har ya fashe. In ana son santsi, a nemi man santsi da aka haɗa da ruwa, marar maiƙo, a kantin magani.

Abin da ya yi aiki a kwalba yakan gaza a jikin mutum. An ga haka da nonoksinol-9, wani sinadarin kashe maniyyi da ake sawa a farji, wanda aka gwada a Kwatano da Abijan da wasu birane. Sakamakon shekarar 2000 ya nuna yawan shafa shi yana ƙuje fatar farji, cutar ta ƙara samun hanya. Alif da lemun tsami da wasu kayan matsi su ma suna busar da fatar nan mai laushi, ta tsattsage.

Cikin abubuwan da ke hannunmu yanzu akwai kwaroron roba, sabo a kowace saduwa, da gwajin jini na miji da mata tare. Idan kwaroro ya fashe, ko an yi wa mace fyaɗe, a je likita cikin awa 72, kuma gara a ranar. Akwai ƙwayoyin kariya da ake fara sha cikin wannan lokaci, a sha kwana 28 a jere, ba a tsallake ko kwana ɗaya.