Inda ake yin tuntuɓe da kalmar "ni" a wasu harsuna

Tunda waya ta shiga ƙauyukanmu, ba a rasa wanda zai zauna a teburin mai shayi ya ce yare kaza daga Hausa ya fito, hujjarsa kuma kalma ɗaya tak. Bari mu gwada da "ni".

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton in sauti ya zo ɗaya, ma'ana ma ɗaya ce. Ɗan Chana mai aikin layin dogo in ya ce maka "ni hao", kai yake nufi da "ni" ɗin, ba kansa ba. Ba ma sai an je nesa ba: Barebari, har da Mangawan wajen Birniwa, "nyi" ko "ni" suke ce wa "kai", tamu "ni" ɗin kuwa "wu" ce a bakinsu. A Japananci "ni" lambar biyu ce. A Suwahili aikin "ne" da "ce" take yi. Ɗan bokon Nijar da za ka haɗu da shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in ya jera "ni" biyu cikin Faransanci, cewa yake ba wannan ba, ba wancan ba. Maganin abin, sa mai harshen ya saka maka kalmar cikin jimla.

Sai ƙulla zumuntar dole. Mutanen Baske da ke iyakar Sifen da Faransa "ni" suke cewa, da ma'anarmu sak, amma ba dangin iya ba na baba. Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, gajerun kalmomi kuwa ba su da yawa, dole a yi karo. Kama da wane ba ta wane.

Wasu kuma garin gyara sai su ce duk dace ne. Nan ma an zarce. Almajirin da ke karanta "Rabbi zidni ilma", "ni" ɗin ƙarshen "zidni" 'yar'uwar tamu ce. Abin da ya tabbatar shi ne ba ita kaɗai ta zo ba: gidanka, baituka, gidanki, baituki, gidanku, baitukum. Hausa da Larabci da Ibrananci da Buzanci gida ɗaya ne, kamar yadda masanin harsuna Joseph Greenberg ya tsara a 1963. Kada dai a kawo "littafi" da "alƙalami" a matsayin shaida. Waɗannan aro ne, tare da karatun allo suka shigo.